Tagar da Muka Bar Mata Giɓinta

Ku da kuke zuwa shagon nan kuna cewa a koya muku yankan gilashi cikin wata biyu, na san abin da kuke gani. Kuna ganin na ɗora rula, na ja daimon sau ɗaya, na ɗan danna, gilashi ya rabe biyu kamar biskit, sai ku ce ai wannan ba wani aiki ba ne. To ku gyara zama. Ni Garba tun ina saurayi nake wannan sana'a, amma sai da na haura arba'in, a ƙasar wasu, sannan na gane rabinta kawai na iya.

A Ƙofar Ruwa na fara, wurin Malam Tanko, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinsa ba su cika jakar hannu ba: daimon mai mariƙin katako, rular ƙarfe, filaya mai faɗin baki, wuƙar foti, da wani gwangwanin madara da yake zuba kananzir a ciki, yana tsoma bakin daimon kafin kowane yanka. A shekarata ta farko bai bar ni na yanka ko gilashin luba ba. Ɗauka nake yi, da shara, da murza foti, abin da ake like gilashi da shi a taga, har ya yi laushi. Shi ya koya mini cewa da kunne ake yanka. Idan daimon yana tafiya daidai za ka ji wata 'yar ƙara siririya da ba ta yankewa. Idan ka ji yana ƙarza, ka danna da yawa. Kuma ba a bin layi sau biyu, wanda ya yi haka ya dakushe daimon, ya ɓata gilashi.

Abin da ya kai ni Guangzhou a 2001 fasassun gilasai ne. Alhaji Bala, wani ɗan kasuwa da muke sayen kaya a wurinsa, ya fara shigo da gilashi daga China, amma duk kwantenar da aka buɗe a Kano sai an tarar da ɓarna mai yawa. Masu kamfani su ce direbobin hanyar Legas ne, direbobi su ce haka suka ɗauko. Alhaji ya gaji, ya kira ni ya ce in je in tsaya a kan kayan da kaina, tunda ni ne ke zuwa ina yi masa ƙorafi.

Kwantenar farko da na tsaya a kanta, a wani sito ne kusa da tashar Huangpu, lokacin ba a fara lodi a sabuwar tashar Nansha ba. Ina zuwa na ga matsalar. Akwatunan katakon suna da kyau, gilashin a tsaye yake yadda ya kamata, amma ba a sa takarda tsakanin falle da falle ba, ga garin da raɓa, gilashi yana manne wa ɗan'uwansa. Kuma an jera akwatunan a gicciye, ta yadda duk birkin da mota ta taka sai nauyin ya faɗa a kan fuskar gilashin. Ba na jin yarensu ko kalma ɗaya. Na ɗauki guntaye biyu na jiƙa su da ruwa, na manna, na miƙa wa shugaban lebura na yi masa alama ya raba. Ya ja, ya ja, bai iya ba. Ya yi dariya ya aika aka kawo takarda. Muka sauke komai muka sake lodi, tsawon akwati yana bin tsawon kwantena, muka cushe duk wata kafa da katako. Da kayan suka isa Kano, Alhaji ya bugo waya ya ce kada in dawo.

Haka na zauna. Na kama ɗaki a unguwar Xiaobei, kuma a benen Tianxiu, inda ofisoshin masu aika kaya suke, aka san ni da Garba Gilashi. Mutanen Kano, da na Maradi, da Yarabawa, da 'yan Mali, duk wanda zai sayi madubi ko gilashin kanti ko na teburi sai ya neme ni. Masu saye iri-iri ne. Akwai wanda zai ce a ba shi mafi siranta a rubuta masa mai kauri a jikin akwati, irin wannan nakan ce ya nemi wani. Akwai wanda zai kawo awon taga da aka yi da igiya, igiyar ma ta roba, mai miƙewa. Akwai kuma wanda ya san abin da yake so, shi ne mai daɗin aiki ko da ya cika tsanani.

Wata rana Alhaji Bala ya aiko mini da guntun koren gilashi a ambulan. Masallacin unguwarsu suke gyarawa, tagogin sama na da ne, masu launi, wasu sun fashe, yana son irinsu sak. Na yi yawo da guntun nan kamfani-kamfani, kowa ya duba sai ya ce “meyo”, wato babu. A ƙarshe wani mai sayar da madubi ya kwatanta mini wani lungu a tsohon gari, ya ce in nemi tsoho Liang.

Shagon ƙarami ne, gidansa yana sama. Tsohon ya haura saba'in, siriri, da singileti da tabarau. Ya karɓi guntun ya ɗaga shi a rana, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya shiga ciki ya fito da falle ɗaya mai ƙura. Shi ne sak. Amma ni a lokacin hankalina ya bar kan kore. A kan teburinsa akwai wata taga da yake haɗawa, guntaye masu lanƙwasa kamar ganye, kowanne an zura shi cikin siririyar sandar dalma mai kwari a gefe biyu, ana like mahaɗar da ƙarfe mai zafi. Ni duk rayuwata miƙaƙƙen layi nake yankawa. Washegari na koma ba tare da wani dalili ba, jibi ma haka. Da ya ga ba ni da niyyar dainawa sai ya miƙo mini tsintsiya.

Ga ni da mata da 'ya'ya a Kano, na koma yaron shago. Da safe ina sito ina lodi, da yamma ina wurin Liang ina ware ɓaraguzai launi-launi. Na fara kiransa Sifu kamar yadda ma'aikatansa biyu suke yi, wato maigidan da ya koya maka sana'a. Shi kuma bakinsa bai iya Garba ba, Gaba yake cewa. A wurinsa na koyi yanka da'ira, da gutsurar gefen gilashi da filaya kaɗan-kaɗan, da miƙar da dalma kafin a yi aiki da ita. Yaren ma a wurinsa na tsinta, na shago, mai yawan faɗa. Idan na yi daidai ba ya cewa komai, sai dai ya zuba mini shayi.

Sai shekarar SARS ta zo, 2003, ciwon nan na numfashi. Ku ba ku san ta ba. Gari ya cika da takunkumi da warin ruwan tsami da mutane ke dafawa a gidaje wai yana kashe cutar. 'Yan kasuwarmu suka kwashe suka tafi, waɗanda ke gida suka ƙi zuwa. Babban baje kolin garin na bazara ya zo ya wuce kamar ba a yi ba. A Tianxiu sai ka bi bene guda ba ka ji ana Hausa ba. Alhaji ya dakatar da oda, ya ce in ina so in dawo, amma aka gaya mini waɗanda suka koma ana gudunsu ko a masallaci, sai na ga gara in zauna. Ma'aikatan Sifu biyu suka tafi ƙauyukansu. Muka rage ni da shi, muna gyara kayan aiki da ba su lalace ba don kada mu zauna haka.

A cikin wannan zaman ne wata mata ta zo shagon, Madam Luo, daga ofishin da ke kula da tsofaffin gine-gine. Tana jin Turanci, don haka abin da ya wuce ni a maganarsu ita ta cike mini. Ta ce akwai wani kangon coci kusa da kogi, wanda jiragen Japan suka jefa wa bom lokacin yaƙi, mutane da yawa suka mutu a ciki. Hukumar gari ta bar shi yadda yake don tunawa da su. Taga ɗaya ce ta rage da gilashi, ita ma ta yi ciki tana shirin zubowa, ga lokacin guguwar teku ya matso. An nemi masu aikin, duk sun watse saboda ciwo. Sifu bai tambayi komai ba, ya ce zai yi, ya nuna ni ya ce ga hannunsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na faɗa wa 'yan'uwanmu kaɗan da suka rage. Wani Alhaji mai sayar da takalma ya ɓata rai, ya ce duk aikin duniya sai na coci. Akwai wani malami ɗan Damagaram da ke karatun likita a garin, shi muke tambaya in abu ya shige mana duhu. Ya tambaye ni ko ana ibada a wurin, na ce rabon da a yi tun kafin a haife mu. Ya tambayi me za ni yi, na ce zan hana gilashi faɗowa kan mutane. Ya ce shi bai ga laifi ba, sai dai in lura da lokacin sallata. Mai takalma bai gamsu ba, amma ya bar maganar.

Ban taɓa shiga coci ba sai ranar. Shigar ma dai suna ce, don babu rufi. Bangon gaba yana tsaye da ƙofarsa mai tsini, da bangon gefe ɗaya, sauran duk guntaye ne da ba su wuce ƙugu ba, ta nan muke tsallakawa mu shiga. Ciyawa ta fito tsakanin duwatsun daɓe. A jikin bango akwai ramuka kamar an yi ta sara da gatari, ga baƙin wuta da ruwan shekara sittin bai wanke ba. Tagar tana can sama, doguwa. Kashi na ƙasa ne kawai ya rage, da ɗan wani abu a ƙololuwa. Ganyaye ne da 'ya'yan inabi, shuɗi da ja da ruwan zuma, sai gefen rigar wani mutum. Mutumin kansa bom ya tafi da shi, ta wurin sai sararin sama kake gani.

Sifu ya tsaya ƙarƙashinta ya daɗe. Da muka zauna cin abinci, ni da taliyata daga shagon Musulmin China, shi da shinkafarsa, sai ya ba ni labari, Madam Luo tana cike mini. Mahaifinsa ne ya ɗaura wannan taga. Daga ƙasar Turawa aka kawo gilashin, amma mahaifinsa ya haɗa dalmar ya kafa ta. Su ba Kirista ba ne. Ranar da jiragen suka zo, mutanen unguwa suka ruga cocin saboda ana cewa ba za a taɓa ginin Turawa ba. Shi yana ɗan shekara bakwai, yayarsa ce ta riƙo hannunsa suka shiga. Shi ya fito, ita ba ta fito ba. Ya faɗi wannan yana tsince ƙashin kifi, ya gama ya ce in tashi mu auna.

Rigima ta taso bayan an ɗaura mana matakan gora. Sifu ya zo da zane a babbar takarda, tagar gaba ɗaya yadda ya tuna ta, da mutumin da komai. Yana da tsohon shuɗi da ja da za su dace, ya ce zai cike giɓin. Ni kaina na goyi bayansa, don a saninmu mai gilashi toshe kafa yake yi, ba a kiranka ka tafi ka bar taga a buɗe. Madam Luo ta duba zanen da ladabi, ta ce ba zai yiwu ba. Aikin shi ne a tsare abin da ya rage, kada a ƙara ko guntu ɗaya. Ta ce idan aka cike, yaran da za a kawo nan za su ga kyakkyawar taga ne kawai.

Sifu ya naɗe takardarsa. Ya ce, “Ke a littafi kika karanta. Ni ina ciki.”

Ta sunkuyar da kai ta ce ta sani, amma ba za ta iya canza dokar ba, kuma ko da za ta iya ba za ta canza ba. Ya sauka ya tafi gida.

Kwanaki suka wuce bai zo ba. Sama ta fara haɗa gajimare da yamma, rediyo yana maganar iska daga teku. Na je gidansa na same shi yana shan shayi. Na ce masa hannuna ba ya rawa, amma ban san halin tsohuwar dalma ba, in na taɓa ta ni kaɗai za ta iya wargajewa, in kuma na bar ta iska za ta sauke ta. Ko ta wace hanya, aikin mahaifinsa zai ƙare a kwandon shara. Ko shayi bai zuba mini ba.

Washegari na hau gora ni kaɗai. Dabarar da muka tsara ita ce a manna takarda a fuskar gilashin gaba da baya don guntayen su riƙe juna, sannan a sa shi tsakanin alluna biyu a sauke. Na dama gam na fara shafawa. Ban kai rabi ba na ji murya daga ƙasa.

“Gaba, wa ya ce ka yi shi da kauri haka? Da me za ka cire shi, da guduma?”

Ya hawo a hankali, yana haki, ya karɓi kwanon ya ƙara ruwa. Maganar zane ba ta sake fitowa daga bakinsa ba.

Saukar da tagar shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Hannun Sifu ya riga ya fara karkarwa, don haka shi ke faɗa ni ke yi. Da ƙaramin kurfi na riƙa ƙwaƙule tsohon siminti daga kwarin dutsen, ba bugu, sai dai ƙwaƙula, don duk girgiza tana shiga gilashin. Dalmar ta yi taushi kamar tsohuwar fata, wani wurin kana taɓawa tana zama gari. Muka shimfiɗa bargo a jikin alluna, muka sa ɗaya ciki ɗaya waje, muka ɗaure. Da na yanke waya ta ƙarshe da ke riƙe ta da sandar ƙarfe, nauyin gaba ɗaya ya dawo hannuna, na ji wani ƙas daga ciki. Sifu ya ce kada in motsa. Ya sa kunne jikin allon, ya ce in sassauta hagu kaɗan, in ɗaga dama. Muka zura ta da igiya a tsaye, mai gadin wurin da Madam Luo suna tarba a ƙasa, ita da takalminta mai tsini. Da muka buɗe, tsohon tsagi ne ya ɗan ƙara tsawo a wani ganye. Ba abin da ya zube.

Sauran aikin na haƙuri ne. Muka kwantar da ita a teburi cikin rumfa, muka ɗora mata ƙananan buhunan yashi da rana ta ɗumama, kullum a ƙara kaɗan, har cikin da ta yi ya koma. Wanda ya danna da hannu don sauri zai fasa. Muka wanke kowane guntu da auduga da ruwa zalla. Inda dalma ta mutu muka sa sabuwa, muka shafa mata baƙi ta saje da tsohuwa, inda take da rai muka bar ta. Gefen da bom ya yaga, mai haƙora, Sifu da kansa ya bi shi da siririyar dalma, haƙori-haƙori, yadda yake. In azahar ta yi sai in fita bayan bango ƙarƙashin wata bishiya in shimfiɗa kwali. Mai gadi ya gane, kullum zan tarar ya ajiye mini ruwa a bokiti. Da muka mayar da ita, muka kafa farin gilashi mai kauri ta waje, da 'yar tazara don iska ta riƙa wucewa kada raɓa ta taru. Guguwar farko ta zo bayan an kwance gora. Da ta wuce na je na duba, rassan bishiya ko'ina a ƙasa, tagar tana nan.

Kafin ƙarshen shekara ciwo ya lafa, jirage suka dawo cike da mutanenmu, na koma lodi. Na ci gaba da zuwa shagon Sifu har ya daina aiki.

A 2009, da na yanke shawarar dawowa gida in buɗe wannan shago, na je yi masa sallama. Ya ce in kai shi kangon. Muka hau tasi, yana dogara sanda. Wurin ya canza. An yi lambu, an sa kujeru da allon bayani, ga 'yan makaranta a layi, ga masu ɗaukar hoto. Wannan karon ta ƙofa muka shiga kamar kowa. Ya sa tabarau ya ɗaga kai ya bi tagar da kallo daga ƙasa har sama. Ya ce ya kasa gane inda dalmar mahaifinsa ta ƙare da inda tawa ta fara. Na ce idonsa ne ya tsufa. Ya ce idonsa ƙalau yake.

Kusa da mu akwai wata tsohuwa a keken guragu, jikarta tana tura ta. Tana nuna giɓin da yatsa tana ba yarinyar labari, tana cewa ta nan hasken ya shigo, kuma jiragen daga wajen kogi suka taso. Sifu ya juya ya ce mata a'a, daga wajen tashar jirgin ƙasa suka zo. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ita tana nan a ranar, a bayan ginshiƙi na biyu. Ya ce shi yana kusa da ƙofa. Ta tambayi lungunsu, ya faɗa. Ta tambayi sunan mahaifinsa, ya faɗa, ta ce mai gilashi. Sai ta ambaci wani suna, ta ce tare suke zuwa ɗiban ruwa, yarinya mai tabo a haɓa. Sunan yayarsa ne.

Sifu ya lalubi kujera ya zauna. Jikar ta matso da keken kusa da shi. Suka shiga magana da yaren garin, da sauri, irin wanda ban taɓa iya bi ba. Na koma gefe na tsaya. 'Yan makaranta suka fita, wasu suka shigo, su biyun ba su ɗaga kai ba. Da la'asar ta matso na je na durƙusa na ce masa zan tafi, jirgina gobe ne. Jikar ta ce kada in damu, ita za ta kai shi gida.

Ya kama wuyan hannuna ya juya ga tsohuwar, ya nuna mata tagar da sandarsa. Ya ce, “Mahaifina ne ya ɗaura ta. Wannan kuma almajirina ne, shi ya hana ta faɗuwa.”

Tsohuwar ta gyaɗa mini kai. Ya sake ni, ya koma ya tambaye ta ko ta tuna me yayarsa ta ce a ranar, kafin su shiga.